Shirin Ba da Jini a Karon Farko

Har yau ba a samu masana'antar da ke haɗa jinin ɗan Adam ba. Duk ledar jinin da aka ƙara wa mai haihuwar da jini ya ɓalle mata, ko yaron da zazzaɓin cizon sauro ya ƙarar masa da jini, ko mai cutar sikila, daga jikin wani mutum mai lafiya ta fito. Jinin kuma ba ya daɗewa a ajiye, domin jajayen ƙwayoyinsa ba sa wuce kwana 35 zuwa 42 ko da a cikin firji ne, shi ya sa asibitoci ba sa daina neman masu bayarwa.

Bisa shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya, mai ba da jini ya kasance tsakanin shekara 18 zuwa 65, nauyinsa ya kai kilo 50, kuma yana jin daɗin jikinsa a ranar. Mai fama da zazzaɓi ko mura sai ya bari ya warware, haka nan mai juna biyu da mai shayarwa su dakata tukuna.

Abin da ya fi hana mutane zuwa shi ne tsoron kada jininsu ya ƙare. Jikin baligi yana ɗauke da jini kimanin lita 5, abin da ake ɗiba kuwa mililita 450 ne, wato bai cika rabin lita ba. Jiki yana mayar da ruwan da ya rasa cikin kwana ɗaya ko biyu, jajayen ƙwayoyin kuma su dawo cikin 'yan makonni. Allurar sabuwa ce, a gaban mutum ake fasa ledarta, kuma da an gama ake jefar da ita, saboda haka ba a ɗaukar cuta ta hanyar ba da jini.

Shiri yana farawa ne tun daren jajibere. A samu isasshen barci, a guji barasa, da safe kuma a ci abinci sosai, amma ba mai maiƙo da yawa ba, sannan a sha ruwa kofi biyu kafin a shiga. Mai zuwa da yunwa ko ƙishirwa shi ne jiri ya fi kamawa. A sa riga mai faɗin hannu wadda za a iya naɗe ta har saman gwiwar hannu, a riƙe katin shaida, wanda yake shan magani kuma ya tafi da kwalinsa idan ba zai iya tuna sunansa ba.

Da an isa, ma'aikaci zai auna nauyi da hawan jini, ya huda ɗan yatsa ya ɗauki ɗigo guda don ya tabbatar mai bayarwar ba shi da ƙarancin jini. Sai kuma tambayoyi, waɗanda a ganina su ne mafi nauyi a duk aikin. Za a tambayi mutum cututtukan da ya taɓa yi, da ko an yi masa tiyata ko ƙarin jini, da ko an yi masa huda ko zane a fata kwanan nan, har da abin da ya shafi saduwa. Wasu tambayoyin akwai kunya, amma sirri ne tsakanin mutum da ma'aikacin. Wani zai ce ai za a gwada jinin, to mene ne amfanin tonon asiri? Gaskiya ne ana gwada kowace leda don neman ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C da tunjere. Sai dai idan ƙwayar cuta ba ta daɗe da shiga jiki ba, akwai ɗan lokacin da gwaji ba ya iya gano ta, alhali tana iya kama wanda aka ƙara wa jinin. A wannan tsakanin, amsar gaskiya ce kaɗai ke kare majinyaci. Wanda aka ce ya dawo wani lokaci kada ya ɗauka wulaƙanci ne, sau da yawa ma don lafiyarsa aka yi.

Ɗibar jinin kanta ba ta cika wuce minti goma ba. Mutum zai kishingiɗa, a ɗaure masa dantse, a goge wurin da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya ji ɗan zafi lokacin da allura ta shiga, sannan ya riƙa matse hannu yana sakewa a hankali. Idan ya ji jiri ko gumi mai sanyi ko tashin zuciya, ya faɗa nan take, kada ya daure.

Bayan an zare allura, a danne wurin da auduga, a zauna minti goma zuwa sha biyar, a sha wani abu kafin a miƙe. A ranar a ƙara yawan shan ruwa, kada a ɗauki kaya masu nauyi ko a yi aikin ƙarfi, kuma idan jiri ya zo a hanya a kwanta a ɗaga ƙafafu har ya wuce. Namiji yana iya sake bayarwa bayan mako 12, mace kuwa sai bayan mako 16, domin jinin al'ada yana rage mata sinadarin ƙarfen da jiki ke gina sabon jini da shi.