Yadda nake lissafin girman batirin ruwan banadiyam

Wannan batiri yana ajiye wuta ne a ruwan sinadari mai ɗauke da ƙarfen banadiyam, a cikin tankuna biyu; famfo ke tura ruwan ta cikin jerin faifai, inda ake caji da fitar da wutar. Tambaya biyu nake fara yi: wuta nawa ake so lokaci guda, kuma ta awa nawa? Ta farko ke yanke yawan faifan da ruwan ke ratsawa, ta biyu girman tankuna biyun. Megawat 100 na awa 4, irin na tashar Dalian a China da aka jona da layin wutar lantarki a 2022, megawat-awa 400 ke nan. Kana son ƙarin awanni? Ƙaro tanki da ruwa, faifan ya isa.

Ni zafi ne ke tsorata ni. Da ruwan ya haura digiri 40, sai banadiyam ya fara kwanciya kamar laka, ya toshe bututu. Don haka tun farko nake saka wutar da famfo da na'urar sanyaya za su ci a cikin lissafi.