Yadda zaka ƙirƙiri wasanka da kwali da murfin kwalba

Duk inda 'yan Arewa suke taruwa a Legas bayan la'asar, ko Agege ko Idi-Araba ko Obalende, da wuya ka rasa wasu sun baje ludo ko wot a kan benci ana ta ihu. Waɗannan wasannin fa mutane ne suka zauna suka tsara su. Ludo daga wasan pachisi na Indiya aka samo shi, aka yi masa rajista a Ingila a 1896, wot kuma wani Bature William Storey ne ya fito da shi wajajen 1935. To kai ma zaka iya, kuma wallahi ganin mutane suna musu kan dokar da kai ka ƙirƙira ya fi cin wasan kansa daɗi.

Da farko nemo labarin wasan daga abinda ka sani, kar ka tafi neman dodanni da sarakunan wata duniya. Ko masu Monopoly, wasan nan na saye da sayar da filaye, da suka fitar da na Legas a 2012, unguwannin garin suka zuba a ciki, Banana Island mafi tsada, Makoko mafi arha. Misalin da zan yi amfani da shi: ɗauko kwandon tumatir daga kasuwar Mile 12 a kai Obalende kafin ya ruɓe. Wanda ya isa da tumatir mafi yawa shi ya ci. Shikenan. In ba zaka iya faɗin yadda ake cin wasanka a numfashi ɗaya ba, to da sauran aiki. Dubi dara tamu, gurbi 30, kowa 'ya'ya 12, jera uku ka ci ɗaya, amma dattawa sai su wuni a kai.

Sai ka samo kwalin taliya da alƙalamin maka da murfin kwalban lemo kala-kala da kowa zai riƙa turawa a kan hanya, da ƙwayoyin wake a gwangwani. Zana hanya gida-gida: Mile 12, Ketu, Ojota, Maryland, Palmgrove, Fadeyi, Yaba, har Obalende, tsakanin kowace tasha ka sa gida uku ko huɗu. Kar ka ɓata lokaci wajen ƙawata shi don Allah, wannan kwalin yaga shi zaka yi ka sake wani, kuma in ka sha wahalar yi masa ado ba zaka iya yagawa ba.

Yanzu ga inda aikin yake. Wasan da sa'a ce zalla yana saurin gundura, dole ka ba ɗan wasa zaɓin da zai sa ya dafe kai yana tunani. Ba kowa wake 12 a matsayin tumatirinsa, duk zagaye ɗaya sai a cire masa ƙwaya ɗaya, wato rana ta ci. In layi ya zo kansa sai ya zaɓi abin hawa. BRT, doguwar bas ɗin nan ta Legas, gida uku ne cif ba ƙari ba ragi, tunda tana da layinta. Danfo kuma, wato ƙaramar bas ɗin haya, jefa dayis ne, zai iya samun shida ya yi gaba zai iya samun ɗaya ya maƙale, sannan dole ya ɗauki kati, kuma katin ne ke kawo dariya, wani an rubuta goslo a Ojota ka zauna zagaye ɗaya, wani agbero, wato ɗan tasha, ya tare mota ka biya wake ɗaya, wani ruwan sama ya sauko kowa ya koma baya gida biyu, wani kuma direba ɗan gari ne ya bi ta lungu ka ƙara gida uku. Ka ga mai gaba zai so BRT don ya tsira da abinda ke hannunsa, na baya kuwa dole ya yi kasadar danfo. Wannan jan-in-ja ɗin shi ne ran wasan.

Ka san ɗan lissafin dayis kafin ka sa doka. Dayis ɗaya kowace lamba damarta ɗaya cikin 6. In biyu ka haɗa, 7 ce ta fi fitowa, hanya 6 cikin 36, amma 2 da 12 hanya ɗai-ɗai ce. Saboda haka in da dayis biyu zaka yi wasanka, babban bala'i ko babbar garaɓasa ka ɗora su kan 2 ko 12. Akwai waɗanda basa taɓa dayis saboda maganar malamai a kai, in mutanenka haka suke yanka katuna ka rubuta 1 zuwa 6 a riƙa ja. Kuma kar a sa ko sisi, ana sa kuɗi ya zama caca.

Sai gwaji. Tara mutum uku ko huɗu, ka yi bayani sau ɗaya, sannan ka ja bakinka ka yi shiru, wannan ya fi komai wuya. Fuskokinsu zaka kalla. Wanda ya zaro waya yana latsawa ya gaya maka wasan yana jan ƙafa. In kowa BRT yake hawa, danfo bata da riba kenan, ƙara mata katunan alheri. In wanda ya fara gaba kullum shi ke ci, ka ba na ƙarshe damar ɗaukar kati biyu ya zaɓi ɗaya. Abu ɗaya zaka riƙa canzawa a kowane gwaji, in ka canza uku lokaci guda ba zaka gane wanne ya gyara ba. Kuma in wani ya ce "Malam wannan dokar ba adalci", tambaye shi yadda yake so ta zama ka rubuta, sau da yawa nan gyara yake fitowa.

Da ya fara zama daidai, rubuta dokokin a takarda ɗaya ka miƙa wa waɗanda basu taɓa gani ba, su buga kai kana gefe. Duk inda suka tsaya suna tambaya, rubutunka ne ke buƙatar gyara. Sai bayan wannan ne zaka nemi mai zane a kwamfuta, ka wuce Shomolu inda masu ɗab'i suke a buga maka allo da katuna. Fara da kwafi ɗaya ko biyu kawai, ka sa a yi wa katunan laminatin saboda zufa da damina.