Yadda Za Ka Kama Hasken Rana a Zane

Da hantsi, ka ajiye tulu a tsakar gida. Lumshe ido kaɗan har ƙananan abubuwa su ɓace, ya rage haske da inuwa kawai. Fara shafa fentin inuwar a takarda, amma don Allah kada ka sa baƙi, yana kashe zane. Shuɗi ko shunayya ya fi. Gefen da rana ta bugo, ɗiɗɗiga ruwan ɗorawa da ruwan lemo kusa da juna ba tare da cakuɗawa ba. Ja da baya taku uku, ido zai haɗa su. Yi hanzari, rana ba ta jira. Da la'asar sake zana tulun a sabuwar takarda. Haka Monet, mai zane ɗan Faransa, ya zana cocin birnin Rouen sama da sau 30.