Tseren taɓo da shingaye: yadda ake shirya masa da yadda ake fita lafiya

Wanda ya yi sansanin 'yan hidimar ƙasa a Wailo, ko ya taɓa zuwa horon Man O' War a tsaunukan Shere na Jos, ya san ɗanɗanon abin: ka haura katanga, ka ja ciki a ƙarƙashin waya mai ƙaya, ka hau igiya. Tseren taɓo shi ne a jera waɗannan shingaye a kan hanya mai tsawon kilomita da yawa, a cika tsakaninsu da laka da kududdufai. A Ingila aka soma shi da gasar Tough Guy a 1987, sannan gasannin Tough Mudder da Spartan suka fito a Amurka a 2010. A tsarin Spartan, ƙaramin zagaye kilomita 5 ne da shinge 20, matsakaici kilomita 10 da shinge 25, babban kuma kilomita 21 da shinge 30. Sabon shiga ya tsaya a kilomita 5.

Mafi yawan waɗanda suke kasawa ba numfashi ne yake yanke musu ba. Hannu ne yake mutuwa. Matashin da yake buga ƙwallo kowace yamma a filin Pantami zai cinye kilomita 5 ba tare da wahala ba, amma ya kama jiƙaƙƙiyar igiya da tafin da laka ta shafe, kafin ya ƙirga goma ya sulɓe. Don haka mako takwas na shiri sai a raba su tsakanin ƙafa da riƙo.

Gudu sau uku a mako ya isa. Fara da kilomita 2, kana ƙara kaɗan-kaɗan har ka kai 6 a mako na shida. Kada ka riƙa bin kwalta kawai. Bi hanyar gona, yashin rafi da gangaren dutse, domin idon sawu ya saba da ƙasa marar daidai. A cikin gudun, duk bayan minti biyar ka tsaya ka yi kwanta-tashi goma: ƙirji ya taɓa ƙasa, ka miƙe ka yi tsalle. Haka tseren yake, gudu ne da ake ta katsewa, kuma a wasu gasanni wannan kwanta-tashi har sau 30 shi ne tarar wanda ya kasa shinge.

Aikin riƙo kuwa ba ya buƙatar ɗakin motsa jiki. Nemi ƙarfe ko reshe mai ƙwari, ka rataye da hannu biyu na daƙiƙa 20, sau huɗu. Abin da ake nema shi ne ka kai minti ɗaya cur. Idan ka kai, sai ka rataya tawul a jikin ƙarfen ka riƙe bakinsa biyu, daga baya ka jiƙa shi. Sannan ɗaukar kaya: jarka mai lita 20 cike da ruwa nauyinta kilo 20 ne. Ɗauki ɗaya a kowane hannu irin na mai ruwa ka yi taku 50, ka ajiye, ka sake. Buhun yashi mai kilo 15 zuwa 20 a kafaɗa ka hau tudu da shi. Kada ka ɗauki buhun siminti, kilo 50 ne, bayanka zai fara tafiya kafin ranar tsere. Kwana huɗu na ƙarshe hutu ne, sai ɗan sassarfa.

Kaya su ne inda ake yawan yin kuskure. Auduga tana shan ruwa ta riƙe laka, riga ta koma kamar bargo. Rigar ƙwallo ta roba wadda ta kama jiki ta fi, da dogon wando mai ɗamewa saboda gwiwa. 'Yar'uwa, ki nemi ƙaramin hijabin wasanni mai kama kai, ki cusa bakinsa cikin riga. Mai faɗi zai maƙale a waya, kuma idan ya jiƙe zai ja miki wuya. Takalmi ya zama kambas mai haƙora a ƙasa, wanda ruwa yake fita daga cikinsa, kuma wanda ka riga ka yi gudu da shi. Sabon takalmi bororo zai sa maka. Takalmin ƙwallo mai ƙusoshi yana santsi a kan katako, yana kuma yanka hannun wanda ya ɗaga ka. Zura igiyar takalmin har ramin ƙarshe na sama, ka yi mata ƙulli biyu, ka tura saura ciki. Zobe, agogo da wayar hannu su zauna a gida ko a jaka. Shafa basilin a hammata da tsakanin cinyoyi, amma kada ya taɓa tafin hannu.

Da safiyar tsere ka ci abu marar nauyi awa biyu zuwa uku kafin a tashi: kunu da burodi, ayaba, dabino. Tuwo da ƙosai mai maiƙo su jira. Sha ruwa kamar rabin lita awa biyu kafin farawa. Ka kuma haɗa ruwan gishiri da sukari na bayan tsere: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

To, ga shingayen. A ramin laka, abin da yake cire takalmi shi ne ka dasa diddige sannan ka fizgo ƙafa sama. Lakar ta riƙe takalmin, ƙafa ta fito ita kaɗai. Taka da gaban ƙafa, gajerun taku, kada ka tsaya. Idan ta riƙe ka, karkata gaba ka ɗaga diddige a hankali iska ta shiga ƙarƙashi. Baƙar lakar fadama irin ta bakin kogin Gongola ta fi jar ƙasa riƙo nesa ba kusa ba. Bi gefen ramin, tsakiya an riga an dame ta.

Katanga mai tsayin kusan mita biyu da rabi: zo da ɗan gudu, dasa ƙafa ɗaya a jikinta, kama saman, ka ɗora diddige ka mirgino jikinka. Wajen sauka ne ake karaya. Kada ka diro daga can sama. Rataye da hannu tukuna har jikinka ya miƙe, sannan ka saki, gwiwa a lanƙwashe. Idan za ka taimaki wani, ba shi cinya ko haɗaɗɗun tafuka ya taka, kada ka ja shi da hannu ɗaya daga sama, kafaɗa tana gocewa.

Igiya da ƙafa ake hawanta. Bar ta ta bi ta gefen ƙafa ɗaya ta shiga ƙarƙashinta, ɗaya ƙafar ta ɗago ta ta danne a kai, sai ka miƙe kamar a kan matakala, hannu ya matsa sama. Kafin ka kama, goge tafinka a busasshiyar ciyawa ko ƙasa. Wajen sauka bi hannu bayan hannu. Wanda ya zame, igiya za ta saluɓe masa fata. A ƙarƙashin waya mai ƙaya, idan wurin dogo ne, kwanta ka mirgina ta gefe, ya fi jan ciki sauri, sai dai ka juya fuska lokaci-lokaci saboda jiri.

Ruwa kuwa ba a yi masa jarumta. Kada ka faɗa da ka cikin kududdufin da ba ka ga ƙasansa ba, kuma idan ba ka iya iyo ba, kewaye shingen ka karɓi tara. A 2013 wani ɗan tsere ya nutse a West Virginia ta Amurka bayan ya yi tsalle cikin ramin ruwa mai laka, ga jama'a a wurin. Ruwan taɓo ba ya nuna wanda yake ƙarƙashinsa.

Sai maganar da ta fi damun mu a nan Gombe da Bauchi, wato abin da yake cikin lakar. Rufe bakinka. A 2012 mutum 22 suka kamu da gudawa bayan wani tsere a gonar shanu a jihar Nevada, saboda ruwan da suka haɗiya. Fadamar da garke yake kiwo haka take. Fitsarin ɓera da na dabbobi yana iya ɗaukar ƙwayar cutar da take shiga jiki ta rauni ko ido. Bayan kwana biyar zuwa mako biyu sai zazzaɓi, ciwon sha-raɓa da jan ido, a ɗauka maleriya ce. Ruwan dam da tafki da yake kwance, irin wanda dodon koɗi yake rayuwa a ciki, shi ne gidan tsargiya, wadda take shiga ta lafiyayyar fata. Masu shirya tsere su haƙa raminsu su cika da ruwan tanka ko na rijiyar burtsatse, kada su ratsa da mutane ta bakin dam. Su kuma sassabe hanyar su duba ta da safe, musamman a damina. Wanda ya san asibitin saran maciji na Kaltungo ya san kububuwa ba labari ba ce a yankin.

Tabbatar allurar tetanus ɗinka ba ta wuce shekara 10 ba. Idan kana da buɗaɗɗen rauni, haƙura da tseren. Da ka gama, kada ka zauna hira da laka a jiki: wanka da sabulu nan take, wanke kowane ƙarzuwa da ruwa mai tsabta, sa maganin rauni ka rufe. Ido a zuba masa ruwa, ba a murza shi. Idan zazzaɓi ya zo cikin wata guda, ko ka ga jini a fitsari bayan wasu makonni, je asibiti ka gaya wa likita ƙarara cewa ka shiga laka da ruwan kududdufi, ka faɗi ranar da wurin.