Yadda Za Ka Gane Aikin Ƙofofin Fotasiyam a Bakin Jijiya da Biro da Takarda

Na daɗe ina haddace sunayen ƙofofin nan, wato 'yan hanyoyin da fotasiyam ke bi ya fita daga ƙwayar jijiya, ina mantawa, sai ranar da na zauna na zana abin da hannuna. Tun daga nan haka nake koyar da shi.

Ɗauki takarda ka ja layi a kwance, ka rubuta -70 milibolt a kansa. Nan lantarkin ƙwayar jijiya yake idan tana hutawa, fotasiyam cike a cikinta, a waje kuwa ɗan kaɗan. Yanzu zana tsauni mai tsini, wato harbin lantarki guda na jijiya: hawansa sodiyam ne ke kutsawa ciki, gangarensa fotasiyam ne ke ficewa. Duka kusan milisakan 1 ne.

Gangaren nan za ka tsura wa ido. Shafe ƙarƙashinsa da biro. A wannan ɗan tsakanin ne yawancin kalsiyam ke shiga bakin jijiya, kuma shi ke sa 'yan jakunkunan sinadarin saƙo su zazzage kayansu cikin mahaɗa, inda jijiya ke miƙa saƙo ga wata ƙwaya. Ba ƙofar fotasiyam ce ke zazzage jakunkunan ba. Lokaci kawai take yankewa: idan ta buɗe da wuri, lantarkin ya sauka, ƙofofin kalsiyam su rufe.

Sai ka zana tsauni na biyu a kan na farko, ka ɗan faɗaɗa gangarensa, kamar an toshe wasu ƙofofin fotasiyam. A nan ɗalibaina ke cewa, "Malam, ai bambancin ba yawa." Sai in ce su yi lissafi. A 1967 masu bincike Dodge da Rahamimoff sun nuna a mahaɗar jijiya da tsokar kwaɗo cewa sakin sinadarin yana bin yawan kalsiyam idan an buga shi sau kansa kusan har huɗu. Buga 1.2 sau kansa har huɗu, za ka samu 2 da 'yan kai. Wato ƙarin kalsiyam na kashi 20 cikin 100 ya isa ya ninka saƙon. Ni wannan lissafin ne ya buɗe min kai.

Sunayen ire-iren ƙofofin fotasiyam ɗin sai yanzu za ka sa su, kowanne inda yake aiki. Kv3 a kan gangaren, don ita ce mai saurin buɗewa da rufewa, shi ya sa take da yawa a jijiyoyin ji masu harbi ɗaruruwa a sakan guda. Kv1 a gindin tsaunin, tana hana harbin da ba a nema ba. BK kuwa kalsiyam ɗin da ya shiga ne ke taya ta buɗewa, ita kuma ta tare masa hanya. Ƙara wata kibiya: a wasu bakunan jijiya na ƙwaƙwalwa, idan harbi ya yi ta zuwa a jere, Kv1 kan gaji ta daina aiki, tsaunin ya yi ta faɗaɗa. Geiger da Jonas sun auna haka a 2000.

Daga ƙarshe rufe zanen ka gwada kanka. Dafin koren macijin mamba yana toshe Kv1, me zai faru da tsoka? Wani dafin kunama yana toshe BK, shi kuma me zai jawo? Mai cutar Lambert-Eaton, wanda garkuwar jikinsa ta rage masa ƙofofin kalsiyam, me ya sa ake ba shi amifampridine, maganin da ke toshe ƙofofin fotasiyam? Idan ka tsaya kame-kame, koma kan gangaren da ka shafe da biro ka sake faɗaɗa shi.