Takarda ɗaya a bayan ƙofa tana rage rigimar hostel

'Yan uwa masu kula da ɗakunan kwanan ɗalibai, ku gwada wannan.

A makon farko, kafin a saba, ku zaunar da 'yan kowane ɗaki minti 20 su rubuta yarjejeniya da hannunsu. Ƙarfe nawa ake kashe fitila, baƙo har yaushe, shara ranar wa, wa ke fara caji idan wuta ta dawo. A saka maganar risho da hita, don nan gobara take. Kowa ya sa hannu. Kwafi ɗaya bayan ƙofa, ɗaya a ofishinku.

Dokar da yaro ya rubuta da kansa, kunyar karya ta yake ji. In an kawo ƙara, takarda za ku ɗauko, ba sai kun nemi mai gaskiya ba.

Ba ta aiki idan ɗaki cike yake da 'yan raɓe da ba su sa hannu ba, ko babban ɗalibi ya yi wa sababbi shifta. Shi ya sa ku zauna a wurin.

Sata da duka kuwa, na kwamitin ladabtarwa ne. Wanda ya daina fita, ya daina cin abinci, ku raka shi asibitin makaranta ranar.