Yadda Ake Gwada Sautin Manyan Hedifon, da Abin da Ya Kamata a Yi da Sabo

Duk wanda ya ajiye hedifon biyu masu tsada a gabansa domin ya gane wanda ya fi daɗin sauti, abu na farko da zai yaudare shi shi ne ƙarfin murya. Kunne yana fifita wanda ya fi ƙara ko da da ɗan kaɗan ne, sai mutum ya ji kamar wancan ya fi cika kuma ya fi tsabta, alhali ƙarfi kawai ya ɗara ɗan'uwansa. An san dalilin haka tun 1933, lokacin da Harvey Fletcher da Wilden Munson na ɗakin binciken Bell a Amurka suka nuna cewa kunne ba ya jin amon ƙasa mai kauri sosai idan murya ta yi ƙasa, kuma da zarar an ƙara ta sai kaurin ya bayyana. Saboda haka kafin a ce uffan game da hedifon biyu, sai an daidaita ƙarfinsu, kuma ba a yin wannan da kunne kaɗai.

Ba zai yiwu a bar maɓallin murya a wuri ɗaya a riƙa sauya hedifon ba, domin kowane yana da irin wutar da yake ja. Sennheiser HD 600, wanda ya fito a 1997, turjiyarsa, wato yadda yake tare wutar da ke shigarsa, om 300 ce, ta Focal Utopia kuwa 80, shi kuma Beyerdynamic DT 880 ana yin sa iri uku, mai 32 da mai 250 da mai 600. Hanya mai sauƙi ita ce a yanko kwali mai kauri wanda zai rufe bakin soson kunnen gaba ɗaya, a huda shi a tsakiya daidai girman makirufon na'urar auna ƙara, ko na wayar hannu mai manhajar auna desibel, wato ma'aunin ƙarfin ƙara. Sai a kunna sautin gwaji mai shuuu wanda ba ya hawa ba ya sauka, a danne kwalin a kan soson, a murɗa maɓallin har allon ya nuna adadin da ake so. A liƙa ɗan salatif a gefen maɓallin, a ja layi da biro, a rubuta sunan hedifon ɗin a kai, sannan a maimaita da na biyu. Manhajar waya ba ta faɗin ainihin ƙarfin daidai, amma tana iya nuna ko biyun sun yi kunnen doki, kuma abin da ake nema ke nan. Idan tazarar ba ta wuce rabin desibel ba, an yi aiki.

A tsaya tsakanin desibel 70 da 75. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wa baligi iyakar desibel 80 na sa'o'i 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel uku yana rage wannan lokaci da rabi. Ban da batun lafiya ma, kunnen da aka cika wa ƙara yakan gaji da wuri, hukuncinsa kuma ya daina zama abin dogaro.

Daga nan sai tushen sautin. Na'ura ɗaya, amfilifaya (mai ƙara wa sauti ƙarfi) ɗaya, fayil ɗaya, kuma a kashe duk wani saitin ƙara kauri ko faɗaɗa sauti da ke cikin waya ko kwamfuta. A nemi fayil na FLAC ko WAV, waɗanda ba a rage wa ingancin sauti ba, domin waƙar da ta yi ta yawo daga waya zuwa waya ana matse ta sau da yawa ta riga ta rasa abin da ake son ji. Akwai wata ƙa'ida da ma'abota wannan harka suke bi, wato turjiyar mafitar amfilifaya kada ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na turjiyar hedifon. Idan ta wuce, amon ƙasa na wasu hedifon yakan kumbura, sai a ɗora wa hedifon laifin da na amfilifaya ne. Hedifon Stax na Japan su kam dabam suke, domin tantaninsu, wato siririn faifan da yake girgiza ya fitar da sauti, yana aiki ne da cajin lantarki na bolt 580 kuma sai da amfilifayarsu ta musamman, don haka wanda ya gwada su da wani iri ya sani cewa kaya biyu yake gwadawa a haɗe.

Zaman hedifon a kai yana canza sauti fiye da yadda yawancin mutane suke zato. Hannun tabarau da ya ratsa ƙarƙashin soso, ko gefen hula, ko ɗankwali, ko kitso mai tudu, duk suna buɗe kafar da iska za ta fita, kuma amon ƙasa ne yake fara zubewa ta nan, musamman a hedifon mai rufaffen baya. A cire abin da za a iya cirewa, wanda ba zai ciru ba kuma a tabbatar yana nan a duk gwaje-gwajen. Yana da kyau a cire hedifon a sake sa shi sau biyu ko uku, a ɗan matsa shi gaba da baya, domin motsin da bai kai faɗin yatsa ba yana iya ƙara ko rage kaifin amon sama. Mafi yawan hedifon masu tsada kuwa buɗaɗɗen baya gare su, ƙarar waje tana shiga kai tsaye. Gurnanin janareta ko na fanka yana danne amon ƙasa, don haka a nemi lokacin da unguwa ta yi tsit.

Abin da za a saurara

Ba a bukatar waƙoƙi da yawa. Huɗu ko biyar da mutum ya sani ciki da waje sun isa, kuma daga kowace a ware daƙiƙa 20 zuwa 30 a riƙa maimaitawa, saboda ƙwaƙwalwa ba ta riƙe ainihin launin sauti sai na 'yan daƙiƙu. Duk abin da ya wuce haka, labarin da mutum ya ba kansa ne game da sautin.

A fara da muryar mutum, magana ko karatu ba tare da kiɗa ba, domin ita ce kunne ya fi ƙwarewa a kanta. A lura ko muryar ta fito daga ƙirji kamar yadda aka saba, ko ta koma ta hanci, ko ta yi nisa kamar an ja mai maganar baya. A nan ne HD 600 ya yi suna, kuma ga ra'ayina har yau kaɗan ne daga cikin waɗanda suka ninka shi kuɗi suke kamo shi a wannan fanni. Ƙaninsa HD 650 na 2003 ya ɗan fi shi ɗumi da laushin sama. Sai kuma a saurari haruffan s da sh da ts. Idan suna sukar kunne, akwai tudu a amon sama. Sennheiser HD 800 na 2009, duk da faɗin filin sautinsa da ya sa ake yabonsa, yana da irin wannan tudu wajen kilohaz 6 (haz shi ne ma'aunin kauri ko kaifin amo, kilohaz kuma haz dubu ne), har kamfanin ya fito da HD 800 S da wata dabara ta rage shi.

Kayan kiɗanmu suna da amfani sosai a wannan aiki, muddin an samu ɗauka mai kyau. A kalangu, lokacin da makaɗi ya matse tsarkiya da hammatarsa, muryar gangar tana hawa sannan ta sauko, kuma hedifon mai kyau yana barin a bi wannan lanƙwasa daga farko har ƙarshe, a kuma ji bugun makaɗin a kan fata dabam da amon da yake biyo baya. Wanda amon ƙasansa ya yi yawa yakan haɗe su su zama dum-dum kawai. Goge yana tona asirin amon sama, domin akwai ƙaiƙayin izga na gaske a cikinsa, kuma aikin mai gwaji shi ne ya bambance wannan da kaushin da hedifon ya ƙara daga aljihunsa. Domin amon can ƙasa, wanda ake ji kamar girgiza, a sa kiɗan zamani mai nauyi. A nan hedifon masu shimfiɗaɗɗen tantani tsakanin maganaɗisu, irin Audeze LCD-2, sukan sauka har kusan haz 20 ba tare da sun yi rauni ba, inda HD 600 yake janyewa tun da wuri.

A rubuta abin da aka ji nan take, da kalmomi masu nuna wuri, kamar a ce a daƙiƙa ta 12 muryar mawaƙiya ta yi kaifi. Kalmomi irin su ya fi daɗi ba sa taimakon kowa bayan kwana biyu.

Gajeren gwaji yana da nasa son kai, domin hedifon mai ƙyalƙyalin sama da kaurin ƙasa shi yake cin gasar minti biyar, kuma sau da yawa shi ne wanda ake cirewa bayan sa'a ɗaya saboda gajiya. Don haka bayan sauye-sauyen gaggawa, a zauna da kowane na wasu kwanaki shi kaɗai. A nan ne nauyi yake shigowa, domin HD 600 gram 260 ne, LCD-2 kuwa ya haura rabin kilo, kuma wuya tana da nata ra'ayin. Farashi ma a yi ƙoƙarin mantawa da shi. A 2017 Jeroen Breebaart ya wallafa binciken hedifon 283 inda bai sami alaƙa tsakanin kuɗinsu da yadda suke rarraba amo ba, su kuma Sean Olive da Todd Welti na kamfanin Harman sun shafe shekaru suna gwada masu saurare ba tare da sun ga abin da suke ji ba, domin sun san cewa sunan kamfani da tsadar kaya suna shiga kunne kafin sauti.

Sabon hedifon da batun horo

Akwai daɗaɗɗen ra'ayi cewa sabon hedifon sai an bar shi yana kiɗa na sa'o'i masu yawa kafin muryarsa ta buɗe, wato a yi masa horo, kamar yadda ake lallaɓa sabon babur kafin a ba shi wuta. AKG K701 ne ya fi shahara da wannan magana, har wasu suna ambaton sa'o'i 300. Ra'ayin yana da tushe, domin a manyan lasifikun ɗaki an auna an ga cewa sassan da suke riƙe da tantani suna yin laushi bayan sun yi aiki. Sai dai tantanin hedifon ƙarami ne, motsinsa kuma kaɗan ne ƙwarai. A 2011 Tyll Hertsens na shafin gwajin hedifon InnerFidelity ya bi AKG Q701 da awo tun daga kwali, ya ga canji amma ɗan ƙanƙani, daga baya kuma shafin RTINGS ya kunna wasu hedifon na sa'o'i 120 bai sami canjin da za a ce kunne zai kama ba.

To me ya sa mutane masu gaskiya suke rantsuwa cewa sun ji bambanci? Abu biyu ne suke canzawa da gaske. Na farko soson kunne, wanda yake lotsawa ya ɗauki siffar kan mai shi, ya kusanto da lasifikar ga kunne, ya kuma gyara rufin iska. Na biyu kunnen kansa, domin wanda ya saba da hedifon mai kauri zai ji sabon ya yi siriri a ranar farko, bayan mako guda kuma idan ya koma ga tsohon sai ya ji shi a dushe. Duka biyun ba sa faruwa idan hedifon yana cikin durowa yana kiɗa shi kaɗai. Shawarata ita ce a sa shi a kai tun ranar da ya iso.

Wanda duk da haka yake son ya yi horon, babu laifi idan ya kiyaye. Ya sa kiɗa na yau da kullum a daidai ƙarfin da yake saurare, na 'yan sa'o'i a rana. Kada ya ƙure murya, kada kuma ya sa sautin gwaji mai kaurin gaske da ƙarfi, domin siririyar wayar da aka naɗe a bayan tantani tana iya yin zafi ta ƙone. Inda wuta take ɗaukewa tana dawowa, kada a bar hedifon a jone da amfilifaya a tafi barci, saboda wasu amfilifayoyin suna sakin bugu mai ƙarfi idan wuta ta dawo. Idan matsewar kai ta yi yawa, a HD 600 da 'yan'uwansa ana zaro ƙarfen da ke gefe ne a ɗan lanƙwasa shi a hankali, ba a taɓa robar sama, domin tana iya tsagewa.

Abin da ya fi horo muhimmanci a ranar farko shi ne binciken lahani. A sa murya ɗaya wadda aka ɗauka a tsakiya, a ji ko ta tsaya a tsakiyar kai. Idan ta karkata, a juya hedifon a sa na dama a hagu, in karkatar ta bi shi to matsalar tasa ce ko ta na'ura, in ta tsaya a inda take to daga kunne ne. Sannan a sa sautin da yake hawa a hankali daga haz 20 zuwa sama, da murya ƙasa-ƙasa, a saurari ko akwai kakkarwa. Wani lokaci silin gashi ne kawai ya shiga ya taɓa tantani. Lahani na gaske ba ya warkewa da kiɗa, kuma wa'adin mayar da kaya yana tafiya. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta ba mai saye ta intanet kwana 14, wanda kuma ya aika aka sayo masa daga waje, wani ɓangare na wa'adin ya riga ya ƙare a hanya. Idan mai kanti ya ce a ba shi sa'o'i 200 zai gyaru, a tambaye shi ko zai karɓi kayan bayan sun cika.

Haka kuma wanda ya sayi na hannu kada ya gwada shi da sabo sai ya canza masa soso na asali, tunda soson da ya sha gumi da ƙurar hunturu ya lotse yakan dusashe amon sama. Mai son ya tabbatar wa kansa batun horo kuwa, sai ya samo guda biyu iri ɗaya, tsoho da sabo, ya musanya musu soso, ya daidaita ƙarfinsu da kwalin nan, ya sa wani ya riƙa ɗora masa su a kai daga baya ba tare da ya faɗa masa wanne ne ba. Ko a nan ma ya tuna cewa guda biyu daga masana'anta ɗaya sukan ɗan bambanta tun daga kwali, don haka sai ya gane tsohon a mafi yawan zagaye goma ko fiye kafin ya ɗauki sakamakon da muhimmanci.